Ƙaramar mota 'yar Kwatano: Matsalolin da Toyota Corolla ta fi bayarwa da abin da gyaransu ke ci

Da wuya mutum ya tsaya a danja a Kano ko Kaduna ko Abuja na minti guda bai ga Toyota Corolla ba, ko ɗaya daga cikin 'yan uwanta biyu, wato Matrix da Pontiac Vibe. Ita ce motar da ma'aikacin gwamnati ke haɗa kuɗin adashi da rancen ƙungiyar gama kai ya saya, ita ce kuma ɗan kasuwa ke zaɓa domin kai yara makaranta da zirga-zirgar cikin gari. Tun da aka fara ƙera ta a Japan a 1966, kamfanin Toyota ya sayar da Corolla fiye da miliyan 50, kuma ta yi suna wajen juriya da ƙarancin shan mai.

Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Motar da ta yi shekara goma ko ashirin tana aiki tana da sassan da suka gaji, komai kyawun fentinta. Abin da ya kamata mai irin wannan mota ya riƙe shi ne, kusan duk gyara mai tsada yana farawa ne daga ƙaramin abu mai araha da aka yi wa sakaci, kamar baƙin mai, ruwan lagireto, man giya ko wata 'yar roba da ta tsage. Wanda ya san waɗannan wurare zai iya riƙe motarsa shekaru da kuɗi kaɗan, wanda bai sani ba kuwa yana iya kashe kuɗin da ya kusa sayen wata motar.

Ire-iren da suka fi yawa a kasuwa

Ana kiran waɗannan motoci tokunbo ko 'yan Kwatano, saboda a da yawancinsu ta tashar jiragen ruwan Kwatano a Jamhuriyar Benin suke shigowa. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairun 2017, amma sunan bai gushe ba. Haka kuma jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta ya ƙunshi motocin da suka haura shekara 12 da ƙerawa. Ma'anar wannan ita ce, da dama daga cikin tsofaffin ƙirar da ake gani a wuraren dillalai a yau sun riga sun yi aiki a hannun mutum ɗaya ko biyu a cikin gida.

Ƙirar 2003 zuwa 2008 ta Amurka da Kanada tana ɗauke da inji mai lita 1.8 da ake kira 1ZZ-FE, da giya mai sarrafa kanta mai hawa huɗu ko giyar hannu mai hawa biyar. Ƙirar 2009 zuwa 2013 ta zo da sabon inji mai lita 1.8, wato 2ZR-FE, da sitiyari mai aiki da lantarki. Daga 2014 mafi yawansu suka koma amfani da giya nau'in CVT, wadda ke aiki da bel na ƙarfe maimakon hawa-hawa. Waɗanda suka fito daga Turai kuwa galibi injinsu lita 1.4 ne ko 1.6, da giyar hannu.

Pontiac Vibe, wadda ta karɓu ƙwarai a Arewa, an ƙera ta ne a masana'antar haɗin gwiwa ta Toyota da General Motors da ke Fremont a jihar Kalifoniya, daga 2002 zuwa 2009. Injinta da giyarta na Toyota ne, don haka kayan gyaran Matrix da Corolla na shekarunta suna yi mata. Bambancin yana jikin mota: fitilu da bamba da ƙofofi nata daban ne, kuma tun da aka rufe Pontiac a 2010 sai na gwanjo aka fi samu.

Abin da ke yanke farashin gyara

Kusan duk kayan gyaran mota daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu yana bin dala. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana kusan naira 460 a hukumance, amma zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Abin da ake saye a kan dala 100 ya tashi daga kimanin naira 46,000 zuwa 150,000 ke nan, ba tare da an sa kuɗin fito da ribar ɗan kasuwa ba. Saboda haka hanya mafi amfani ta auna gyara ita ce a kasa shi mataki uku.

Matakin farko shi ne na ƙananan kaya, kamar filtar mai da ta iska, fulogi, murfin lagireto, tamostat, fanbel, robar shaf da fad ɗin birki. Waɗannan ana iya biyansu daga kuɗin cefane ba tare da gida ya girgiza ba. Mataki na biyu ya ƙunshi batir, taya, shokazoba, fanfon mai, fanfon ruwa, lagireto, altaneta, kik da kwamfireson na'urar sanyaya mota. Kowanne daga cikinsu yana iya cin kaso mai tsoka na albashin ƙaramin ma'aikaci. Mataki na uku shi ne sauya inji, sauya giyabos, sauke inji a sa masa ringi, ko gyaran motar da ruwa ya shanye wayoyinta. Wannan mataki shi ke sa a ajiye mota watanni a gareji, ko a sayar da ita a wulaƙance.

A kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja, Ladipo a Legas da Nkwo a Nnewi, kaya iri uku ake samu. Akwai sabo na asali, wanda ya fi tsada. Akwai na gwanjo da aka ciro daga motocin waje, wanda farashinsa matsakaici ne amma ba a san sauran kwanansa ba. Akwai kuma sabo na kwaikwayo, mai araha, wanda ingancinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ga inji da giyabos da sassan jiki, na gwanjo ne mafita ga yawancin mutane. Ga roba da filta da fulogi da birki kuwa, sabo mai inganci ya fi, domin waɗannan kaya ne da shekaru ke kashewa ko da ba a mora su ba.

Inji da baƙin mai

Matsalar da aka fi sani ga injin 1ZZ-FE, musamman na farkon shekarunsa, ita ce shan baƙin mai. Ƙananan ramukan da ke jikin fistin, waɗanda ke mayar da mai ƙasa, suna toshewa da dauɗa, sai ringi ya maƙale, mai ya riƙa ƙonewa tare da fetur. Alamunsa su ne hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa, da raguwar mai a jikin sandar awo tsakanin juye da juye. Injin 2AZ-FE mai lita 2.4, da ake samu a wasu Matrix da Vibe na 2009 zuwa sama, shi ma ya yi ƙaurin suna da wannan ciwo.

Shan mai kaɗan-kaɗan ba ya kashe inji matuƙar ana dubawa ana ciko. Abin da ke kashe shi shi ne a bar mai ya ƙare har fitilar mai ta kama a kan hanya, domin cikin 'yan mintuna ƙarfe zai fara cin ƙarfe, inji ya buga. Duba sandar awo sau ɗaya a mako, da safe kafin a tayar da mota, a wuri mai daidaito, ba ya cin ko sisi.

Kamfanin ya ƙayyade mai mai lamba 5W-30 ga ƙirar 2003 zuwa 2008, da 0W-20 ko 5W-20 ga waɗanda suka biyo baya, kuma injin yana ɗaukar kimanin lita huɗu. Kanikawa da yawa suna zuba 20W-50 mai kauri bisa hujjar zafin ƙasarmu. Illar hakan ita ce, waɗannan injina suna da na'urar VVT-i wadda ke sarrafa buɗewar bawul da matsin mai ta cikin siraran hanyoyi, kuma mai mai kauri yana jinkirin isa can da safe. Lambar da ta dace tana rubuce a kan murfin zuba mai ko a littafin mota. A yanayin ƙura da cunkoso irin namu, juye a kowane kilomita 5,000 zuwa 8,000, ko wata shida, tare da sabuwar filta, shi ne abin da ya dace. A kuma sayi mai a gidan mai ko wurin dilan da aka sani, saboda jabu ya yawaita.

Wani abin da ke rage wa mai Corolla kashe kuɗi shi ne, waɗannan injina sarƙa suke amfani da ita wajen daidaita lokacin aikin bawul, kuma sarƙar takan daɗe matuƙar ana kula da juye. Golf 3 da Peugeot 307 da Honda Civic ta 2001 zuwa 2005 bel na roba gare su, wanda dole a sauya a kan lokaci. A Civic da Peugeot, idan bel ɗin ya tsinke mota na gudu, fistin kan daki bawul ya lanƙwasa su, gyaran ya tsallaka daga matakin farko zuwa na uku. Ɗigar mai daga robar murfin saman inji ko daga robar abin ɗaure sarƙa ta zama ruwan dare a tsofaffin Corolla, kuma gyaranta mai sauƙi ne.

Zafin inji

A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, nan ake gane motar da tsarin sanyaya injinta ke da lafiya. Abubuwan da suka fi jawo zafi su ne tsagewar robar saman lagireto, lalacewar murfinsa, mutuwar fanka, toshewar lagireto da tsatsa, da ɗigar fanfon ruwa. Ƙirar 2009 da 2010 an san su da saurin lalacewar fanfon ruwa, kuma alamarsa ita ce busasshen tabo mai launin ruwan hoda a gefen inji, ko ƙara daga wajen fanbel.

Zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla yana cikin manyan kurakurai. Ruwan yana ɗauke da gishirin ƙasa wanda ke daskarewa a cikin bututu, yana kuma cin alminiyon da aka yi injin da shi. Ruwan sanyaya inji na musamman, irin mai launin ruwan hoda da Toyota ke amfani da shi, yana hana tsatsa yana kuma jure zafi fiye da ruwa zalla.

Akwai al'adar da ta yaɗu ta cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye da zarar mota ta iso. Tamostat yana buɗewa ne a wajen digiri 82, domin inji ya yi aiki a zafin da aka tsara masa. Idan aka cire shi, inji kan daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta ci gaba da zuba fetur fiye da kima, shan mai ya ƙaru, fanka kuma ta mutu da wuri. Cirewar tana ɓoye ainihin matsalar ne kawai, ba ta magance ta.

Idan allurar zafi ta haura tsakiya, a tsaya a kashe inji nan take, kuma kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce, domin tafasasshen ruwan yana ƙona fuska da hannu. Tafiyar kilomita biyu ko uku da inji mai zafi ta isa ta ƙona tof gaskit, ta kuma karkatar da kan silinda. Alamun hakan su ne farin hayaƙi, kumfa a cikin lagireto, da baƙin mai da ya koma launin shayi mai madara.

Giya

Giya mai hawa huɗu ta Corolla tana daga cikin mafiya juriya, kuma abin da ya fi kashe ta a nan shi ne zuba mata man da ba nata ba. Ƙirar 2003 zuwa 2008 tana amfani da mai nau'in T-IV, ta 2009 zuwa 2013 tana amfani da WS, ita kuwa CVT tana da nata man na musamman wanda ba a haɗa shi da kowane. Kasancewarsu duka ja ba ya nufin iri ɗaya ne. Lafiyayyen man giya ja ne mai haske, idan ya yi baƙi yana warin ƙuna to cikin giyar ya fara cinyewa.

Alamun matsala sun haɗa da jinkirin kama giya bayan an sa D ko R, fizga yayin sauya hawa, da tashin ƙarar inji ba tare da mota ta ƙara gudu ba. Wani lokaci laifin na ƙaramar na'urar lantarki ce ko waya, don haka ya kamata a gwada da kwamfuta kafin a yarda da hukuncin sauya giyabos. Ja wa mota mai irin wannan giya igiya ta yi tafiya mai nisa da tayoyin gaba a ƙasa yana lalata giyar, saboda fanfon manta ba ya aiki sai inji na kunne. Giyar hannu ta fi sauƙin gyara, domin abin da ke ƙarewa a cikinta shi ne kuloci, kuma ɗora ƙafa a kansa cikin cunkoso ne ke gaggauta ƙarewarsa.

Fetur, iska da wuta

Fanfon mai yana cikin tanki, kuma fetur ɗin da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi. Tankin Corolla yana ɗaukar lita 50, amma tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 masu motoci da dama sun koma sayen lita biyar-biyar, suna yawo da fitilar mai a kunne. Wannan yana gajiyar da fanfo, yana kuma sa ya riƙa zuƙo dattin ƙasan tanki. Barin aƙalla rubu'in tanki ba ya ƙara kuɗin mai a wata, illa dai ya tsawaita ran fanfo. Gurɓataccen mai ma haɗari ne. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol wanda ya lalata motoci a Legas da Abuja, kuma man galan na 'yan bumburutu yakan zo da ruwa ko datti da ke toshe nozul.

Ƙurar hunturu tana cika filtar iska cikin 'yan makonni. Hura ta da iska mai ƙarfi yana yaga takardar, ƙura ta wuce ta ɓata na'urar auna iska, ta kuma goge cikin silinda. Fulogi na asali mai bakin iridiyom yana iya yin fiye da kilomita 150,000, amma na jabu yakan mutu cikin watanni ya tafi da kwayil. Kowace silinda tana da kwayil nata, don haka idan inji na karkarwa sau da yawa guda ɗaya ne ya mutu, ba sai an sayi huɗu ba.

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗin gwaji a ƙarƙashin sitiyari. Idan fitilar gargaɗin inji ta kama, na'urar gwaji za ta nuna lamba. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa, kuma a injin 1ZZ-FE sau da yawa gaskit ɗin bututun shigar iska ne ya saki. P0301 zuwa P0304 suna nuna silindar da ba ta kama wuta. P0420 tana nuni ga matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda ake kira indomi. Wannan matata tana ɗauke da ƙarafa masu daraja, shi ya sa ake sace ta ko a kwashe cikinta a sayar. Kuɗin gwaji bai kai na abu ɗaya da za a saya bisa cinta ba, kuma cire ƙwan fitilar gargaɗi yaudarar kai ce.

Ƙafafu, birki da taya

Ramuka da tudun rage gudu su ne ke cinye ƙafar mota. Ƙarar ƙwanƙwasa a kan hanya mai gargada takan fito daga sandar daidaita mota ko bushin, waɗanda ba su da tsada. Mota mai lilo bayan ta faɗa rami shokazobanta ne ya mutu, kuma bibbiyu ake sauya shi. Gurnani mai ƙaruwa da gudu alamar boris ne. Bol-join da tayirod kuwa ba a yi musu jinkiri, domin idan suka cire a kan gudu taya ce ke karyewa ko sitiyari ya ƙwace.

Robar shaf misali ce mai kyau ta yadda ƙaramin abu ke girma. Idan ta tsage, giris ya zube, yashi ya shiga, bayan 'yan makonni sai a fara jin ƙas-ƙas yayin shan kwana, daga nan sai sayen shaf. Haka birki yake: fad ɗin da aka bari ya ƙare har ƙarfe ya fito zai ci faifan birki, a biya kuɗin abu biyu maimakon ɗaya. Man birki yana zuƙar danshi, don haka ana so a sauya shi duk shekara biyu zuwa uku.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Tsohuwar taya tana iya zama da zane mai kyau alhali robarta ta bushe, kuma irinta ce ke fashewa a kan kwalta mai zafi. Doka ta haramta shigo da tayoyin gwanjo na ƙananan motoci, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha gargaɗi a kansu. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, yawanci 30 zuwa 32, ba 45 ko 50 da wasu masu faci ke bugawa ba.

Lantarki, sanyi da jakar iska

Zafi yana rage kwanan batir. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota na kashe, da 13.5 zuwa 14.5 idan inji na aiki. Wannan awo na minti biyu yana bambance ko batir ne ya mutu ko altaneta ce ba ta caji, kafin a sayi abin da ba shi ne da laifi ba. Iskar gas ta na'urar sanyaya mota ba ta ƙarewa haka kawai, idan ta ragu to akwai inda take tsiyaya, kuma ciko ba tare da toshe wurin ba asarar kuɗi ce da kan ƙare da mutuwar kwamfireso.

A watan Agustan 2010 Toyota ta yi kiranyen Corolla da Matrix sama da miliyan ɗaya na 2005 zuwa 2008 a Arewacin Amurka, saboda tsagewa a cikin kwamfutar inji wadda ke sa mota wuyar tashi, fizgar giya ko mutuwa a kan hanya. Wanke inji da ruwa mai ƙarfi, yin walda ba a cire kan batir ba, da juya wayoyi yayin jona batir da na wata motar, duk suna ƙona wannan kwamfuta.

Batun da ya fi shafar rai shi ne jakar iska ta kamfanin Takata, wadda aka sa a Corolla da Matrix da Vibe masu yawa na waɗannan shekaru. Sinadarin da ke hura ta yana lalacewa da zafi da danshi, har ya iya tarwatsa gwangwaninsa ya watsa ƙarafa ga na cikin mota. Ana iya shigar da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta Amurka, wato NHTSA, a ga ko akwai kiranyen da ba a yi wa motar ba.

Lissafin wata da shekara

A cikin gari Corolla mai lita 1.8 tana shan kimanin lita 9 a kilomita 100. Ma'aikacin da ke yin kilomita 30 a rana, kwana 22 a wata, ya yi kilomita 660, wato kusan lita 60. Idan aka ɗauki lita a kan naira 1,000 domin sauƙin lissafi, naira 60,000 ke nan, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Idan rashin tamostat da toshewar filta da ƙarancin iskar taya suka ƙara lita biyu a kowane kilomita 100, asarar ta kai naira 13,200 a wata, ko 158,400 a shekara.

A kan wannan akwai juye sau biyu ko uku a shekara, sabunta takardu, da inshorar dole wadda ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a watan Janairun 2023. Batir da taya da shokazoba ba sa zuwa kowace shekara, amma zuwansu tabbas ne. Ware wani abu a kowane wata da sunan mota, ko da ba ta nemi komai ba, shi ke hana gyaran mataki na biyu ya zama bashi.

Kafin a biya kuɗi

Mai saye ya je da bakaniken da shi ya zaɓa, ba na dillali ba, ya kuma nemi a tayar da motar tana sanyi, domin hayaƙi da ƙarar sarƙa a lokacin suke bayyana. Ya murɗa makulli ya tabbatar fitilun gargaɗi na inji da birki da jakar iska sun kama sannan sun mutu bayan inji ya tashi. Ya buɗe murfin zuba mai ya duba ko akwai daskararren baƙin datti. Ya leƙa ƙarƙashin mota, domin waɗanda suka fito daga jihohin Amurka masu ƙanƙara da Kanada sukan zo da tsatsar gishirin da ake watsawa a hanya.

Motoci da yawa ana sayo su ne daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye, irin na Copart da IAA. Warin danshi, yashi a ƙarƙashin kafet da tsatsa a ƙarafan kujera alamun ruwa ne, kuma irin wannan mota matsalar wayoyinta ba ta ƙarewa. Da lambar shasi ana iya sayen rahoton tarihin mota a intanet. Motocin Amurka da mil suke ƙirga tafiya, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, don haka mil 150,000 daidai yake da kilomita 240,000. Ana kuma juya wannan lamba baya, amma gogewar sitiyari da fedar birki da kujerar direba kan tona asiri. A ƙarshe a tantance takardun kwastam da na mallaka, kuma kada a kashe duk abin da ke hannu wajen saye, domin motar da aka saya yau tana buƙatar juye, filtoci, man giya, ruwan lagireto da watakila taya tun a watan farko.

Hulɗa da bakanike

Riƙe bakanike ɗaya da ya san motar ya fi yawo gareji-gareji. Mai mota ya nemi a faɗa masa abin da ya lalace da dalilin lalacewarsa, a raba masa kuɗin kaya da kuɗin aiki kafin a taɓa komai, a kuma ba shi tsohon abin da aka cire. Idan za a sayi inji ko giyabos na gwanjo, a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce a jikin rasit. Ɗan littafi a cikin mota, da ake rubuta ranar kowane gyara da lambar kilomita, yana hana a sayar wa mutum abu ɗaya sau biyu, yana kuma ɗaga darajar motar ranar da za a sayar da ita.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Minti biyar a kowace Asabar, a duba baƙin mai da ruwan lagireto da man birki da iskar taya, a kuma leƙa ƙasan inda motar ta kwana ko akwai ɗigo, sun isa su kama yawancin matsalolin da aka lissafa tun suna matakin farko.